Bolari: Mu Ma Jiya Baƙi Ne

Kwanan baya muna zaune a majalisarmu bayan sallar isha'i, hira ta kai mu kan kuɗin haya. Wani daga cikinmu ya ce, "Wallahi baƙi ne suka cika mana unguwa, shi ya sa ɗaki ɗaya ya gagari talaka." Muka yi ta gyaɗa kai. Sai wani dattijo da ke gefe yana jan carbi ya ɗago ya ce, "To ku yaran nan, kakanninku daga ina suka zo?" Wuri ya yi tsit.

Gaskiya Baba ya faɗa. Ita kanta Gomben da muke ciki ba wani tsohon gari ba ce. Sai a 1919 aka dawo da fadar sarki nan daga Nafaɗa, bayan an baro Gombe Abba ta Modibbo Buba Yero. Sunan Bolari kuwa, in ji manya, daga Bolawa ya samo asali. Ke nan mu Hausawa zuwa muka yi muka tarar da masu gida. Kakanninmu sun taso daga ƙasashen Kano, Katsina, Haɗeja da Zazzau, wasu da fatauci, wasu almajirci, wasu cin rani. Cinikin auduga da gyaɗa ya riƙe su, zuwan jirgin ƙasa a farkon shekarun 1960 ya ƙara musu kasuwa. Aka ba su masauki, aka ba su aure, ga mu nan yau muna cewa "unguwarmu".

Da aka ƙirƙiro jihar Gombe a ranar 1 ga Oktoba 1996, ma'aikata suka dawo daga Bauchi, kowa na neman wurin sa kai. Gidaje masu zaure da yawa suka koma gidajen haya, aka fasa katanga aka fitar da shaguna. Daga baya rikicin Boko Haram ya koro 'yan'uwanmu daga Borno, Yobe da Adamawa, wasu daga su sai tufafin jikinsu.

Mu duba rayuwarmu ta yau da kullum mana. Tun da asuba 'yan ga-ruwa ke turo kura, mai ƙosai ta hura wuta, mai shayi ya jera biredi. 'Yan acaɓa da masu keke su kwashi mutane zuwa Babbar Kasuwa da Tudun Hatsi. Tela, makaniki, mai cajin waya, mai POS, kowa da abin da yake taɓawa. A layi ɗaya za mu ji Fulatanci, Bolanci, Teranci, Tangalanci, Barbarci da Ibo, amma in an zo ciniki da Hausa ake yi. Juma'a masallaci ya cika, Lahadi coci ta cika. In muka ce baƙi su tashi, wa zai sayi kayanmu? Wa zai biya hayar da tsofaffinmu da yawa ke cin abinci da ita?

Ba mu ce babu matsi ba. Da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin abin hawa da na masara suka fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Ruwan famfo sai ya ga dama. Damina na sauka magudanai su toshe da leda, zaizayar ƙasa ta ci gaba da cin gindin gidaje. Amma ruwan sama ba ya tambayar asalin mai gida kafin ya shiga ɗaki.

Kafin mu tashi a daren nan muka yanke shawara biyu: ranar Asabar a fito aikin gayya a yashe magudanar layinmu, masu gida da 'yan haya baki ɗaya, sannan masu gidajen haya a cikinmu su riƙa ba da wa'adi kafin ƙarin kuɗi. Wanda ya tayar da maganar shi ya ce zai kawo shebur biyu. Baba ya yi murmushi, ya ci gaba da jan carbinsa. Allah ya bar mu tare.