Awon Keke Daban, Awon Riga Daban

Akwai wata dabara da iyaye suka gada a wajen ɗinki: idan za a yi wa yaro kayan Sallah, sai a ce wa tela ya ƙara tsawo domin yaro ya girma da su. A kan yadi dabarar tana ci, don iyakar abin da babbar riga za ta jawo shi ne a naɗe hannu. Matsala tana tasowa ne ranar da uba ya shiga kasuwar kekuna da wannan lissafi. Ya dubi ɗansa mai shekara shida, ya dubi farashi, ya zaɓi keken da zai kai shi sakandare. A ganinsa tattali ya yi, alhali ya ɗora yaron a kan ƙarfen da ya fi ƙarfinsa.

Da yawa daga cikin iyayen yau a kan irin wannan keke suka koya: Raleigh ko Phoenix na mahaifinsu, mai taya inci 28. Yaro ya zura ƙafa ta ƙarƙashin sanda, ya karkace, yana tuƙi ba tare da ya taɓa sirdi ba. Tabon gwiwa yana nan shaida. Sai dai a wancan zamani keke ɗaya ne a gida, kuma babura ba su cika lungu ba. Yaron yau da su yake raba hanya.

Kekunan yara da girman taya ake auna su, lambar kuma tana rubuce a gefen tayar. Mai inci 12 na ɗan shekara biyu zuwa huɗu ne, mai 16 na huɗu zuwa shida, mai 20 na shida zuwa tara, mai 24 na tara zuwa sha biyu. Wannan kintace ne kawai, domin sa'o'i biyu kan bambanta sosai a tsawo. Ma'aunin gaskiya shi ne ƙafar yaron, shi ya sa ya kamata a tafi da shi kasuwa.

Gwaji uku sun wadatar. Na farko, yaro ya tsaya keken yana tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa duka a ƙasa, a ga saura tazarar yatsu biyu ko uku tsakaninsa da sanda. Na biyu, ya zauna a sirdi. Sabon koyo yana bukatar ƙafafunsa su dafa ƙasa sosai, wanda ya ƙware kuwa yatsun ƙafa sun ishe shi. Na uku, ya kama kan keken, gwiwar hannunsa a ɗan lanƙwashe, ya matse birki. Idan sai ya saki riƙo kafin yatsunsa su kai birkin, to ranar da akuya ta gitta masa ba zai tsaya ba. A duba nauyi kuma: keken da yaro ba zai iya ɗaga shi ba idan ya faɗi, ya yi masa girma.

Damuwar uba game da kuɗi tana da hujja. Yaro ɗan firamare yakan ƙara santimita 5 zuwa 6 a shekara, don haka keke ɗaya shekara biyu ko uku yake yi masa. A cikin wannan lokaci ana bin girmansa ta hanyar ɗaga sirdi, muddin ba a wuce layin da aka zana a jikin ƙarfen sirdin ba, don wuce shi na iya karya ƙarfen. Idan gwiwa ta fara bugun kan keken, lokacin canji ya yi. A nan gwanjo yake da rana: keke mai lafiya da ya yi daidai ya fi sabo da ya yi yawa, kuma idan wa ya gama da shi, ƙane yana jira.

Asarar da ta fi ta kuɗi ita ce tsoro. Yaron da ya sha ƙasa sau uku a makon farko yakan jingine keken a zaure, kafin ƙafarsa ta kai, sarƙa ta yi tsatsa, sha'awar kuma ta tafi.