Dabinon Inna

Inna ta fara koyon Faransanci ne don ta gaji da kai wa maƙwabta takardar lokotoro suna karanta sirrin ciwon Baba. A madafa take bita, kaye a cinya, tana cire ƙwallon dabinon Bilma da za ta daka cikin fura.

Ran nan na ce mata sunansa datte. Ta ce, "Datti? Abin da muke buɗa-baki da shi?" Na tuntsire da dariya, ni ɗin da aka koya wa cewa bakin Bahaushe yakan ƙara wasali a ƙarshen baƙuwar kalma.

Kwana 3 kayen na rufe. Fura dai ba ta hana ni ba.

Rana ta huɗu ina taya ta ɓare tsamiya, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Wannan fa, yaya Nasara ke ce mata?"