Takardar Da Ta Hana Likita Barci

A unguwar Kongo-Rasha cikin birnin Jos akwai wani matashin likita wanda ya yi wata uku yana raba dare yana rubutu. Mahaifiyarsa ta zaci aiki yake nema a Turai. Ashe takardar neman taimakon kuɗi ce suke shiryawa shi da malamansa, zuwa ga Cibiyar Fogarty ta Amurka, wadda aka kafa a 1968 domin binciken lafiya a ƙasashen duniya.

Irin wannan kuɗi jami'a ake bai wa, watau sai ta nuna malaman da za su koyar, da ɗaliban da za a horar, da inda kowane kwabo zai tafi. Saboda haka sunansa yana can ƙasan jeri.

Abin da ke cin ransa kuwa tsohon labari ne. A 1969 aka kawo wata ma'aikaciyar jinya daga garin Lassa zuwa asibitin Jankwano, ta rasu. Sai da aka kai jini Jami'ar Yale ta Amurka kafin a gano ƙwayar cutar. A 1970 cutar ta kashe Dokta Jeanette Troup a nan Jos. Har yau zazzaɓin Lassa yana kisa kowane rani.

Ya shaida wa tsohuwa cewa in an ba su, 'ya'yan gida za su koyi wannan bincike a gida. In an hana, baɗi su sake nema. Ta yi shiru, sannan ta sa masa albarka.