Ta'aziyyar Goggo Mai Koyar da Babbaƙu

In ka tambayi mai ilmi inda ya yi karatu, sai ka ji ya lissafa maka zauren da ya ɗauki Ahalari da Ishmawi da Risala, ko kuwa kwalejin da ta ba shi takardar shaida. Da wuya ka ji wanda ya koma baya ya ambaci hannun da ya fara kama yatsansa ya ɗora bisa allo. Ko ran sauka ma, malamin ƙarshe shi ake kai wa rago da riga. To, jama'a, yau ina roƙon ɗan fili in ambaci wata tsohuwa ta unguwarmu, Tudun Wadan Zariya, wadda Allah ya yi wa rasuwa cikin daminar bana. Ba zan kama sunanta na yanka ba, don ɗa ba ya kiran sunan uwa. Duk unguwa Goggo muke ce mata.

Mijinta malami ne mai makarantar allo a zaure. Ƙananan da ba su isa zama gaban gardi da dorinarsa ba, watau 'yan shekara 3 zuwa 5, su ake turawa cikin gida wurinta. Bayan da ya rasu zauren ya watse, amma rumfar karan da ke tsakar gida ba ta watse ba, har 'ya'yan waɗanda ta koyar suka zo suka zauna a tabarmar da iyayensu suka zauna.

Da ka take fara wa yaro, Fatiha, sa'an nan Nasi, sa'an nan Falaƙi. In harshe ya kama, sai a shiga babbaƙu, kana farfaru. Kowa ya san kakanninmu sun raɗa wa haruffan Larabci sunayen Hausa bisa ga siffarsu, amma ba kowane malami ne ya san amfanin wannan dabara kamar Goggo ba. In an zo kan ambaki, sai ta wangale bakinta har mu fashe da dariya, ta ce mu duba allo mu ga mai buɗaɗɗen baki irin nata. In an zo kan mim jaye, sai ta share ƙasa da tafin hannu, ta kama yatsan yaro ta ja masa wutsiyar harafin cikin rairayi, tun bai san riƙon alƙalami ba. Mu ke tsinto mata gawayi, ita kuwa ta daka ta haɗa da ƙaro ta yi tawada muna kallo. Wanda barci ya ɗauke a kan allonsa, ba ta tashinsa. Sai ta zare allon, ta lulluɓe shi da gefen zanenta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kuɗin Laraba. Ƙwarya take ajiyewa rufe da faifai, kowane yaro ya zo ya zura hannu ya fitar, da mai kuɗi da maras kuɗi. Saboda haka har muka bar gidan nan ba wanda ya san ɗan wa ke kawowa, ɗan wa ba ya kawowa. Ita kanta ba na tsammanin ta damu ta sani.

Da na shiga kwalejin horon malamai, aka karanta mana labarin Furobel, mutumin Jamus, wanda a 1840 ya kira makarantarsa ta ƙanana lambun yara, yana nufin a yi renonsu kamar shuka. Aka kuma karanta mana na Mariya Montesori, likitar Italiya, wadda ta buɗe gidan yara a birnin Rum a 1907, tana sa su bi haruffa masu kaushi da yatsa kafin su riƙe alƙalami. Muka haddace, muka ci jarrabawa. Ni kuwa ina zaune a aji ina tuna rairayin Goggo, wadda ko sunan Rum ta ji, to a cikin Alƙur'ani ne. Ba ina cewa duk makarantun allo haka suke ba. Akwai inda dorina ta fi tawada aiki. Amma yau da nake karɓar yara a aji ɗaya, cikin mako guda nakan gane wanda aka fara wa karatu da lallashi da wanda aka fara wa da tsoro: na farko yakan ɗaga hannu ko bai tabbata ba, na biyu ko ya sani sai ya sunkuyar da kai. Duk da haka a makarantu da yawa wadda aka ba ajin ƙanana ita ce mafi ƙarancin albashi, wai don raino kawai take yi. Haba!

Tunawa da malamai mata ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajoji suna kai ilmi ga matan ƙauyuka, ta kuma yi wa mata masu ilmi waƙoƙin makoki, shi ya sa sunayensu suka iso mana. Ni ba mawaƙi ba ne, iyakata wannan takarda.

Ran sadakar arba'in muka taru a ƙofar gidan, da tela, da direba, da ma'aikaciyar jinya, da mu malaman makaranta, wasu daga Gyallesu, wasu daga cikin birni ta Ƙofar Doka. Bayan addu'a, Allah ya ji ƙanta ya sa Aljanna ce makomarta, sai muka yi shawara kowa ya riƙa ba da abin da ya sawwaƙa a wata, don jikanyarta wadda ta tashi a hannunta ta riƙe ƙananan, a kuma sake wa rumfar kara, don ruwan bana ya cinye ta. An wanke allunan an jingine su a bango, ƙwaryar da faifanta suna nan inda take ajiye su, kuma ran Asabar mai zuwa za a koma karatu.