Chartres: Hanyar Da Ba A Ɓata A Cikinta, Ba A Kuma Yanke Ta

Kimanin kilomita 90 kudu maso yammacin birnin Paris, a tsakiyar wani shimfiɗaɗɗen fili inda Faransawa ke noman alkama, akwai wani madaidaicin gari mai suna Chartres a bakin kogin Eure. Wanda ya hau jirgin ƙasa daga tashar Montparnasse zai isa cikin sa'a ɗaya da ɗoriya. Tun kafin jirgi ya tsaya, matafiyi zai hango hasumiyoyi biyu sun tokare sama, kowacce ta haura mita 100, ba su kuma yi kama da juna ba. Su ne hasumiyoyin babbar majami'ar garin, wadda aka sake ginawa bayan gobarar shekarar 1194, aka kuma yi bikin keɓe ta a 1260. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin kayan tarihin duniya tun 1979.

Yawancin baƙi tagogi ke kawo su, domin ginin na da tagogin gilashi masu launi fiye da 150, akasarinsu tun na ƙarni na 13, masu wani irin shuɗi da ya yi suna a duniya. Saboda haka kowa ya shiga, kansa a sama yake. Ni kuwa abin da ya kai ni yana ƙarƙashin ƙafa. Na je Paris ne taron masana na kwana huɗu, na ware Juma'ar ƙarshe domin in ga wani zane da aka shimfiɗa da dutse a daɓen majami'ar, wanda Turawa ke kira labirint. A wannan rubutu zan kira shi murɗaɗɗiyar hanya.

Da'ira ce mai faɗin kusan mita 13, an yi ta da farin dutse da baƙi a farkon ƙarni na 13. A cikinta an nannaɗe siririyar hanya guda ɗaya mai faɗin santimita 34, wato daidai tafin ƙafa biyu a haɗe. Hanyar na zagayawa cikin zobba 11, tana karya kwana tana komawa baya har sau 28, kafin ta kai mutum tsakiya, inda aka zana fure mai ganye shida. Daga bakin da'irar zuwa tsakiyarta, in a miƙe ne, taku goma ya isa. Amma wanda ya bi hanyar yadda aka tsara ta sai ya taka mita 261 kafin ya isa.

Ya kamata mai karatu ya bambance wannan da irin ruɗaɗɗun hanyoyin da ake yi don wasa ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya taɓa kutsawa lungunan cikin birnin Kano ba tare da ɗan jagora ba ya san abin da ake kira ɓata: hanya ta rabu biyu, ka zaɓi ɗaya, ta kai ka ƙofar gidan mutane, ka juyo. A can zaɓi ne ke wahalar da mutum. A daɓen Chartres babu mararraba ko ɗaya, babu lungun da ya toshe. Ƙofa ɗaya ce, ta nan ake shiga, ta nan ake fita. Mai tafiya ba shi da shawarar da zai yanke, illa ya ɗaga ƙafa ya sauke. A nan ne dukan hikimar abin take.

Ba Faransawa ne suka fara wannan zane ba. An same shi a bayan wani allon yumɓu da aka tono a Pylos ta ƙasar Girka, wanda ya kai shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma mutanen Knossos na tsibirin Kirit sun buga shi a kan kuɗinsu. Mafi tsufan wanda aka sani a cikin majami'a kuwa a nahiyarmu yake: an shimfiɗa shi a ƙarni na 4 a garin da yau ake kira Chlef a ƙasar Aljeriya. Malaman Musulunci ma sun san shi. Al-Biruni, a littafinsa kan ƙasar Indiya da ya kammala wajen shekarar 1030, ya zana irinsa a lokacin da yake bayanin ganuwar Lanka kamar yadda Indiyawa suka siffanta ta. Abu ne da ya ratsa al'ummu da addinai, kowa ya ɗora masa ma'anar da ta dace da shi.

A ranakun mako kujeru ne ke rufe zanen, har mutum ya iya wucewa ta kansa bai lura ba. Ranar Juma'a kaɗai ake kwashe su, daga ƙarshen hunturu zuwa kaka. Da na shiga wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, na tarar da mutane kamar talatin a cikin da'irar. Wasu sun tuɓe takalma, wasu sun harɗe hannu a ƙirji. Akwai wata tsohuwa mai dogara sanda, akwai wasu samari biyu da jakunkunan goyo. Babu mai magana. Abin da kunne ke ji kawai shi ne shafar ƙafa a kan dutsen da sawun shekara ɗari takwas ya goge har ya yi santsi.

Na san wani zai tambaya, me ya kai ɗan Musulmi takawa a daɓen majami'a? Ibada ba ta kai ni ba, na yi tawa a inda ake yin ta. Ɗalibin tarihi ne ya je ganin abin da ya daɗe yana karantawa, gani kuwa ya kori ji. Na tsaya a layi, da wuri ya samu na sa ƙafa.

Abu na farko da hanyar ke yi wa mutum shi ne yaudara. Ba ka fi minti biyu da shiga ba sai ka tsinci kanka a zoben da ke manne da furen tsakiya. Da za ka miƙa ƙafa, da ka taka shi. Zuciya ta ce an iso. Sai hanyar ta karya kwana, ta ja ka baya, ta yi ta kai ka tana kawo ka a zobban ciki, sa'an nan ta fara tura ka waje sannu a hankali. Bahaushe ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, ban kuwa taɓa ganin inda aka rubuta wannan karin magana da dutse ba sai a nan. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙarshen tafiyar. A daidai lokacin da hanya ta jefa ka zoben da ya fi kowanne nisa da tsakiya, har kana ganin kamar fita za ka yi, a lokacin ne saura ƙiris. Kwana kaɗan kawai, sai ga ka a cikin furen. Wanda ya tsara wannan zane ya san halin ɗan Adam: inda yake zaton ya kusa, da sauran tafiya, inda ya fitar da rai, a nan yake bakin ƙofa.

Abu na biyu shi ne yadda hanyar ke kashe gaggawa. Kowane 'yan taku akwai kwana, kowace kwana tana tilasta wa jiki ya juya gaba ɗaya. Wanda ya yi sauri jiri zai ɗebe shi, ko ya tsallake layi bai sani ba. Dole ido ya sauka ƙasa, dole numfashi ya daidaita da taku. Da yake babu zaɓin da za a yi, ɓangaren hankalin nan da kullum ke lissafin "ina zan bi, me zan yi" sai ya rasa aiki, ya yi shiru. A cikin wannan shirun ne tunanin da mutum ya daɗe yana turewa gefe ke samun wurin zama. Ni dai wata shawara da na yi wata uku ina juyawa game da aikina, a tsakanin zobe na huɗu da na uku na ga bakin zarenta, ba tare da na zauna neman sa ba. Dama alaƙar tafiya da tunani tsohuwa ce. Almajiran Aristotal a yawo aka san su da karatu, shi ya sa malaman falsafa na Larabawa suka kira su Mashsha'una, wato masu yawan tattaki.

Abu na uku mutane ne. Hanyar ba ta ɗaukar mutum biyu, ga shi masu fita ta nan suke bi. In kun haɗu, dole ɗaya ya ɗan kauce, ya riƙe gurbinsa da ido, ɗayan ya wuce. Sau da yawa kuma za ka ga mutum kafaɗa da kafaɗa da kai a zoben da ke maƙwabtaka da naka, ka ɗauka tare kuke, alhali shi ya riga ka da mita ɗari, ko kai ka riga shi. Tsohuwar nan mai sanda na wuce ta gefenta ya fi sau biyar, wani lokaci tana ciki ina waje, wani lokaci akasin haka. Wanda ya tsaya a gefe yana kallo ba zai iya cewa wane ne gaba ba. Gasa ba ta da ma'ana a wurin.

Ina cikin tafiya sai wani ɗan yawon buɗe ido ya ratso layukan a miƙe, taku goma, ya tsaya a tsakiyar furen, ya ɗauki kansa hoto da waya, ya fice. Babu wanda ya hana shi, domin babu katanga, layukan a ƙasa kawai suke. Dutsen da na taka bayan minti ashirin da biyar shi ya taka cikin daƙiƙa goma. A hoto, ni da shi wuri ɗaya muka je. Sai dai a tsakiyar babu komai. An ce a da akwai faranti na tagulla a wurin, aka cire shi a 1792 lokacin juyin juya halin Faransa don a narkar a yi igwa. Abin da ya rage sai guntayen ƙusoshi. Duk abin da wurin ke bayarwa a cikin mita 261 ɗin nan yake, wanda ya tsallake su ya isa, amma hannu rabbana.

Gaskiyar tarihi ita ce, wannan tafiya ta natsuwa a yadda ake yin ta yau sabuwar al'ada ce a kan tsohon daɓe. Takardun da suka saura daga zamanin da sun nuna cewa a garin Auxerre, limaman majami'a kan yi rawa ne a kan irin wannan zane ranar bikin Ista, suna jefa wa juna ƙwallo. Daga baya ma Faransawa suka gaji da abin. A 1779 aka farfashe na majami'ar Reims saboda yara na wasa a kansa suna damun masu ibada. Na Amiens, wanda aka shimfiɗa a 1288, an cire shi a ƙarni na 19, sai a ƙarshen ƙarnin aka mayar. Na Chartres ya tsira ne yana kwance a ƙarƙashin kujeru. Wadda ta farfaɗo da shi a wannan zamani wata limamiya ce Ba'amurkiya, Lauren Artress, da ta ziyarci Chartres a 1991, ta koma ta shimfiɗa kwafinsa a majami'ar Grace da ke San Francisco. Ita ta yaɗa tsarin raba tafiyar gida uku: a shiga ana sauke kayan zuciya, a tsaya a tsakiya a saurara, a fito da abin da aka samu. Yau akwai dubban irinsa a asibitoci da makarantu da gidajen yari da lambunan shaƙatawa na Amurka da Turai, masu addini da marasa shi duk suna takawa. Wani abin dariya, zanen na Reims da aka farfashe shi ne yau tambarin da Faransa ke liƙawa a jikin gine-ginenta na tarihi.

Na rubuta wannan ne musamman saboda ɗalibaina. Shekara goma sha biyar ina koyarwa, iri biyu ne suka fi tsaya mini a rai. Na farko shi ne mai ratse: ya biya a rubuta masa kundin kammala karatu, ya shiga jarrabawa da takarda a aljihu, ya fito da shaidar digiri, ya ɗauki hoto da hula da riga. Ya taka tsakiya, amma ranar da aka ɗora masa aiki zai gane cewa tsakiyar fanko ce. Na biyu shi ne mai fitar da rai: yajin aiki ya ci masa shekara, rashin kuɗi ya ci wata, sa'o'insa sun yi aure sun kama aiki, ya dubi kansa ya ga yana zoben waje, ya ajiye karatu saura zango ɗaya. Na farko ya ɗauka isowa ita ce manufa. Na biyu ya ɗauka nisan da ido ke gani shi ne nisan da ya rage. Su biyun da ma'auni ɗaya suke awo, wato tazarar da ke tsakaninsu da tsakiya, ma'aunin da daɓen Chartres ke ƙaryatawa a kowace kwana.

Ba na da'awar cewa rayuwa hanya ɗaya ce marar mararraba. Akwai zaɓi, akwai ɓata, akwai kuma zaluncin da ke tsawaita wa talaka tafiya ba gaira ba dalili, wanda bai kamata a lulluɓe shi da wa'azin haƙuri ba. Amma akwai abubuwan da tsawonsu shi ne amfaninsu: haddar Alƙur'ani, koyon sana'a a gaban gwani, tarbiyyar ɗa, rubuta littafi. A irin waɗannan, sauri ya haifi nawa.

Wanda ya samu zarafin zuwa Faransa, ya daure ya ware Juma'a ɗaya ga Chartres, ya kuma dubi ƙasa kafin ya dubi tagogi. Wanda bai samu ba, abin da ake nema a can ba a dutsen yake ba. Minti ashirin bayan la'asar, waya a kashe, hanya sananniya wadda ba ta bukatar shawara, taku a hankali, baki a rufe. Allah Ya ba mu haƙurin bin hanya har ƙarshenta.