Zif Ɗin Jakar Malam

Malamin yana koyarwa ne a ɗaya daga cikin makarantun 'ya'yan makiyaya, irin waɗanda suka yawaita bayan kafa Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa a 1989. Kullum sai ya yi tafiyar kusan awa ɗaya bisa babur kafin ya isa rugar, jakarsa goye a baya, cike da rajista da alli da littattafan yara. Jakar gwanjo ce mai kauri, wadda aka ɗinka domin masu hawan duwatsu a Turai, ruwa ba ya ratsa ta. Da ita yake tinƙaho cikin abokan aiki.

Tun cikin hunturu zif ɗin jakar ya fara yi masa gardama. In ya ja sai ya cije, shi kuwa ya fizge da ƙarfi. Wata rana ya ɗiga masa man gyaɗa, ya ga ya yi santsi, ya ɗauka magana ta ƙare. Ashe gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago. Cikin watan Yuli, ranar da ya ɗauko takardun jarrabawar yara 32 zai duba a gida, hadari ya tare shi a tsakiyar daji. Ya ja zif har ƙarshe, bai san haƙoran sun sake buɗewa a bayan kan ba. Kafin ya kai gari jakar ta zama tulu, tawada ta narke, babu takardar da ke karantuwa.

Ranar kasuwa ya kai ta wurin wani tsohon tela, da nufin a farke zif ɗin a sa sabo. Tsohon ya jujjuya ta, ya shinshina, ya ce, "Malam, mai ka zuba masa ko?"

"Ɗan kaɗan ne, Baba."

"To, kaɗan ɗin ne ya kashe shi."

Bayanin tsohon abin saurare ne. Cikin kan zif akwai hanyoyi biyu da suka haɗe suka zama ɗaya, su ne ke sarƙe haƙoran dama da na hagu. Ƙurar hunturu takan shige tsakanin haƙoran, mai kuma ya riƙe ta, su cakuɗe su zama tamkar dutsen wasa wuƙa. Duk jan da aka yi, ana cinye cikin kan ne, har bakinsa ya buɗe ya daina kama haƙoran. Gishirin gumi ma yana cin na ƙarfe.

Sai ya ɗauki tsohon burushin goge baki ya kakkaɓe haƙoran, ya wanke su da ruwan sabulu, ya ɗauraye, ya ajiye a inuwa. Da suka bushe ya sa filaya ya ɗan matse kan ta gefe biyu, a hankali ƙwarai, domin matsa mai yawa fasa shi take yi. Daga nan ya goga guntun kyandir a kan haƙoran, ya ja sama da ƙasa sau da yawa, ya share abin da ya rage da tsumma. Kakin zuma ya fi, in ji shi, sa'annan bakin fensir ma yana yi wa zif na ƙarfe, sai dai yana ɓata farin yadi. Ya nuna wa malam haruffa uku a jikin kan, YKK, sunan kamfanin Japan da aka kafa a 1934, ya ce irin wannan sai dai ganganci ya kashe shi.

Malam ya sake shirya jarrabawa a mako mai zuwa, amma gida biyu sun riga sun tashi da shanunsu, yara biyar sun bi su. Gurbin makinsu a rajista haka ya zauna fari har aka rufe zango. Tun daga lokacin, cikin gwangwanin allinsa ba a rasa guntun kyandir da tsohon burushi, kuma duk ranar Juma'a kafin ya tafi masallaci sai ya zazzage jakar a bakin zaure ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya.