Cin Amarci a Turai: Jirgin Ruwa, Jagora da Ƙafafunmu

Kowa a gida ya yarda Turai za mu tafi cin amarci, sai dai an rabu a kan yadda za a yi tafiyar. Babban yayana ya ce mu shiga jirgin ruwa na shaƙatawa, mu ci, mu kwanta, garuruwa su riƙa zuwa suna samunmu. Gwaggon amarya ta ce a'a, baƙo makaho ne ko da idonsa, mu bi tawaga mai jagora. Amarya ce ta raba gardama. Ta ce da ni, "Yaya, tunda bizar Shengen guda ɗaya ta ishe mu ƙasashen duka, mu ɗanɗana kowanne mana." Muka nemi bizar ta ofishin jakadancin Sifaniya, domin ƙa'ida ita ce a nema a ƙasar da za a fi daɗewa, tare da inshorar lafiya ta Yuro 30,000.

A tashar jiragen ruwa ta Basalona na tsaya baki buɗe. Na ɗauka wani dogon gini ne a bakin teku, har sai da ma'aikaci ya nuna mana ƙofa ya ce jirginmu ke nan. Tsawonsa ya haura mita 300, benayensa sun fi goma sha biyar, kuma ban taɓa ganin otal a Kano ko Abuja da ya kama ƙafarsa ba. A ciki akwai kantuna, gidajen abinci, ɗakin shan magani, har da filin wasa. Hanyoyin ɗakunan kuwa duk kamarsu ɗaya, sai da wata ma'aikaciya ta raka mu ƙofarmu tana murmushi. Abin da ya fi ɗaure min kai alƙibla ce: mu yi azahar muna fuskantar taga, da la'asar waya ta nuna mana bango. Wajen abinci muka tsaya ga kifi, ƙwai da kayan lambu, kuma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. Wurin ninƙaya da mashaya muka bar wa masu su. Lokacinmu shi ne bayan asuba, mu hau can sama, ruwa ta kowace kusurwa, rana tana fitowa daga cikinsa. Bayan gajiyar kamu, ɗaurin aure da walima, wannan hutu ya yi mana rana ƙwarai.

A Rum muka gane abin da jirgi yake ragewa. Ba ya shiga birnin, a Cibitabekiya yake tsayawa, kimanin kilomita 80 daga can, kuma duk wanda ya fita don kansa ya makara, ba a jiransa. Muka tsaya gaban Kolosiyum, dandalin da aka kammala a shekara ta 80 miladiyya, wanda yake ɗaukar 'yan kallo wajen 50,000. Duwatsu ne jibga-jibga an ɗora su baka a kan baka, kusan shekara dubu biyu suna tsaye. Raina yana so in zauna in ƙare masa kallo, idona kuma yana kan agogo. Amarya ta ce, "Yaya, yau mun gaisa da Rum ne kawai daga zaure."

Da muka komo Basalona sai muka hau jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 a awa zuwa Madrid, shayin da ke gabana ko girgiza bai yi ba. A can muka shiga tawagar da za ta kudu, ƙasar Andalus.

Gaskiyar gwaggo ta fito a Garnaɗa. Tikitin shiga fadar Alhamra yakan ƙare tun makonni kafin ranar, da sunan mutum a jiki, da kuma sa'ar da zai shiga. Kamfanin tawagar ya riga ya yi mana wannan duka. Jagorarmu, wata dattijuwa 'yar garin, tana magana a hankali, muryarta tana zuwa mana ta na'urar da muka maƙala a kunne. Ita ta nuna mana cewa ruwan da ke gudana a tsakar kowane gida daga kogin Daro aka janyo shi tun zamanin sarakunan Banu Nasr, ba inji, gangara kawai. Ita ta tsayar da mu a farfajiyar zakoki goma sha biyu na farin dutse, ta ce mu ɗaga kai. Subhanallah! Rufin kamar saƙar zuma, bango kuwa babu tafin hannu guda da ba a yi masa zane ko rubutun Larabci ba, ana ta maimaita cewa babu mai rinjaye sai Allah. Na tuna bakan gizon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, na ga ashe magina ko'ina burinsu ɗaya ne, mai shiga ya ɗaga kai ya tuna Mahalicci. Da jagorar ta ji daga Afirka ta Yamma muke, sai ta ambaci Abu Ishaƙ al-Sahili, mawaƙi ɗan Garnaɗa da ya bi Mansa Musa zuwa Mali bayan hajjin 1324, ya zauna a Tumbutu har ya rasu. Da mu kaɗai muka zo, da mun wuce wannan labari ba mu sani ba. Birnin ya fita hannun Musulmi a 1492, amma fadar tana nan ana kula da ita kamar jiya aka gama.

Sai dai tawaga ba ta san da amarya da ango ba. Ƙarfe bakwai na safe akwati ya kasance a ƙofa, mota tana jira. A lambun Janaralife da ke gefen fadar, amarya ta sami inuwa kusa da ruwa ta zauna, ba ta gama gyara mayafi ba aka ɗaga tuta, aka ce a ci gaba.

A Ƙurɗuba muka yi sallama da su, muka kama ɗaki a tsohon gari. Nan ne tafiyar ta zama tamu. Lungunan sirara ne, suna murɗewa kamar na cikin birnin Kano wajen Kurmi, sai dai an shafe su da farar ƙasa, an rataye tukwanen furanni a bango. Mun sha ruɗewa. Da rana tsaka kantuna su rufe, abincin dare kuma ba a fara shi sai wajen ƙarfe tara, ga shi ba ma jin Sifaniyanci. Wata tsohuwa da muka nuna wa adireshi ta ajiye tsintsiyarta, ta kama hannun amarya, ta kai mu har bakin titi, ba mu fahimci kalma ɗaya ba sai alherin. Muka shiga babban masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen 785, ginshiƙai sama da 850 ɗauke da bakuna masu ratsin ja da fari, duk inda ka juya ba ka ganin ƙarshensu. Tun 1236 ya zama majami'a, ba a yin salla a ciki, wannan kuwa ya taɓa mana zuciya. Muka fito farfajiyar itatuwan lemo muka zauna har la'asar, babu tuta, babu ƙahon jirgi. Washegari muka sake komawa, don kawai mun ga dama.

Ishbiliya ba ta kai awa ɗaya daga nan ba a jirgin ƙasa. Muka hau hasumiyar Hiralda, wadda aka gama a 1198 don kiran salla. Babu matakala a yawancinta, hawa ne mai kwana-kwana har kusa da ƙoli. Tsayinta kusan mita 100, ta ninka Gobarau ta Katsina sau da yawa, amma aikinsu na asali ɗaya ne. Amarya ta riga ni isa sama, tana kirana in zo in ga kogi.

Ango da amarya da ke shirin irin wannan tafiya, ga abin da zan ce muku. In gajiyar biki ta yi yawa, ku ɗan taɓa jirgin ruwa, amma kada ku sa ran sanin garuruwan da zai tsaya. Ku ɗauki jagora na yini guda a wuraren tarihi irin Alhamra, kuɗinku ba zai tafi a banza ba. Sauran kwanakin kuwa ku zaɓi gari biyu ko uku, ku sayi tikitin jirgin ƙasa da wuri, ku yi tafiyarku ku biyu.